Sa'o'in juna, tunani daban: yadda tsufa ke rarrabe iyayenmu

Malaman hadisi na farko sun taɓa yin wata muhawara da ta shafi duk gidan da ke da tsoho a cikinsa. Alƙali Ramahurmuzi, wanda ya rayu a ƙarni na 4 bayan Hijira, ya ga ya fi dacewa mai ruwayar hadisi ya dakata da karantarwa idan ya kai shekara 80, ya koma ga tasbihi da tilawa, sai fa in hankalinsa na nan daram. Tsoronsa kada tsufa ya cakuɗa wa malami abin da ya haddace bai ankara ba. Waɗanda suka zo bayansa, irin su Ibnus Salah, ba su musa cewa hakan na faruwa ba, amma sun jero sunaye. Anas ɗan Malik da Sahlu ɗan Sa'ad cikin sahabbai, sai Imamu Malik da Laisu ɗan Sa'ad da Sufyanu ɗan Uyaina, duk sun ci gaba da ruwaya bayan sun wuce 80. Abul Ƙasim Bagawi da Alƙali Abuɗ Ɗayyib Ɗabari har sun haura 100 ana ɗaukar karatu a gabansu. A ɗaya ɓangaren kuma ga irin su Aɗa'u ɗan Sa'ib da Sa'idu ɗan Abi Aruba, amintattu ne, amma haddarsu ta rikice a ƙarshen rayuwa. Hanyar da malaman suka bi a ƙarshe ita ce ta bin kowane mutum da kansa: yaushe rikicewar ta fara, wa ya ji daga gare shi kafin nan, wa ya ji bayan nan.

Mu da ke zaune a Makka da Jidda muna ganin wannan bambanci da idonmu. Cikin iyayenmu akwai waɗanda aka goyo su ko aka riƙo hannunsu daga Kano da Sakkwato da Damagaram, aka ratsa Cadi da Sudan, aka haura Bahar Maliya daga Sawakin. Yau sun doshi 80 ko sun wuce. Sa'o'in juna ne, rana ɗaya ta doke su, abinci kusan iri ɗaya suka ci. Amma sai ka tarar da Hajiya wance har gobe ita ke riƙe da lissafin adashin unguwa a ka, ta san wadda ta ɗauka da wadda ke bi. Ƙawarta kuwa, jikinta lau, tana salla a tsaye, amma sai ta tambayi jikarta sau uku ko an kai wa maƙwabta tuwo. Maganar da nake son warwarewa ta irin waɗannan ce, tsofaffin da likita bai ce suna da ciwon gigin tsufa ba, amma tsufan ya yi wa tunaninsu aiki daban-daban.

Sai mun fara raba abu biyu da muke haɗawa. Masana halayyar ɗan Adam, tun daga Raymond Cattell da ɗalibinsa John Horn, sun lura cewa akwai basirar warware sabon abu cikin hanzari, akwai kuma ilimin da mutum ya tara ya adana. Ta farkon ita ke fara raguwa, kuma da wuri take farawa. A 2015 wasu masu bincike biyu a Amurka, Joshua Hartshorne da Laura Germine, sun duba sakamakon gwaji na mutum kusan 50,000, suka ga saurin aikin ƙwaƙwalwa yana kai ƙololuwa tun mutum na 18 ko 19, iya karanta yanayin fuskar mutane sai a tsakanin 40 da 50 da ɗoriya, yawan kalmomin da mutum ya sani kuwa yana ƙaruwa har wajen 70. Shi ya sa Baba zai kasa fitar da izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, ya yi ta fama da Absher, manhajar ayyukan gwamnatin Saudiyya, har sai jika ya karɓi wayar, amma in aure ya ɗauko mutuwa a dangi shi ake kira, kuma da magana uku zai kashe wutar. Wanda ya auna shi da wayar kaɗai ya zalunce shi.

Akwai kuma wata ɓata da ake yi wajen awo. In ka kwatanta saurayi ɗan 20 na yau da tsoho ɗan 80, ba tsufa kaɗai ka auna ba, ka auna bambancin zamani, da makaranta, da abincin da aka ci ana yara. Gaskiyar lamari tana fitowa ne in aka bi mutum ɗaya shekara da shekaru. Wannan shi K. Warner Schaie ya fara a birnin Siyatul na Amurka a 1956, yana sake gwada mutane duk bayan shekara 7. Ya samu cewa yawancin basirori suna tsaye har wajen 60, kuma ko a shekara 81, in aka ɗauki basira guda aka duba, ƙasa da rabin mutanen ne suka nuna raguwa tabbatacciya cikin shekara 7 da suka gabata. Wanda komai nasa ya ragu gaba ɗaya kuwa da ƙyar ake samu.

A garin Umiya da ke arewacin Suwidin an fara wani bincike mai suna Betula a 1988. Da aka bi mutum sama da 1,500 na tsawon shekara 15 ana gwada yadda suke tuna abin da ya faru da su, sai suka kasu uku: kashi 68 cikin 100 sun ragu a hankali yadda aka saba gani, kashi 13 sun zube da sauri, kashi 18 kuwa kusan ba su motsa ba. Cikin waɗanda suka riƙe tunaninsu an fi samun mata, da masu motsa jiki, da waɗanda ba su kaɗai suke zaune ba. A Jami'ar Northwestern da ke Shikago kuma an daɗe ana nazarin wasu 'yan 80 zuwa sama da tunaninsu ke gogayya da na 'yan 50 da 60. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna tasu ma tana ƙanƙancewa, amma da kusan rabin saurin ta sa'o'insu, wajen kashi 1 cikin 100 a shekara maimakon kashi 2 da 'yan kai.

To daga ina bambancin yake fitowa? A nan ne labarin ƙasar Sikotilan ya fi komai ba ni mamaki. Ranar 1 ga Yuni, 1932, an zaunar da kusan duk yaran ƙasar da aka haifa a 1921, su 87,498, aka yi musu jarrabawar basira guda a rana guda. Aka maimaita a 1947 da yara 70,805 da aka haifa a 1936. Takardun suka kwanta a ma'ajiya har kusan aka manta da su. Sai a ƙarshen shekarun 1990 Ian Deary na Jami'ar Edinbura da Lawrence Whalley na Abadin suka tono su, suka nemo waɗanda ke raye cikin yaran, yanzu sun zama kakanni, suka sake ba su jarrabawar nan da suka yi suna 'yan 11. Abin da ya fito shi ne, kusan rabin bambancin da ke tsakanin tsofaffin nan yana nan tun suna yara. Wanda ya yi gaba yana ɗan 11, galibi shi ne a gaba yana ɗan 77.

Wannan ya rushe zance da yawa. An daɗe ana cewa tsofaffin da ke yawan karatu, ko masu cin abinci iri kaza, sun fi kaifin tunani, saboda haka karatun ko abincin ne ya kare su. Da aka saka sakamakon yarinta cikin lissafi, sai yawancin alaƙar ta yi rauni ko ta ɓace: ashe mai kaifin basira tun yana yaro shi ne ya girma yana son karatu. 'Yan abubuwan da suka tsaya da ƙafarsu bayan wannan tacewa sun haɗa da shan taba, wanda ke cutarwa, da ƙarfin jiki, wanda ke taimakawa, da wani nau'in ƙwayar gado da ake kira APOE e4, wanda bai shafi basirar yarinta ba amma yana hanzarta raguwa a tsufa. Babu wani abu guda da ya ɗauki kaso mai girma. Ƙanana ne da yawa suke taruwa.

Darasin da ya fi amfani gare mu a gida shi ne rarrabe tsakanin inda mutum ya taso da saurin da yake sauka. Manoma biyu, ɗaya ya shiga rani da rumbu cike, ɗaya da rabin rumbu. Ko da mudu ɗaya kowannensu ke ɗiba kullum, na biyun zai riga ganin ƙasan rumbunsa. Haka bincike ya nuna game da karatun makaranta: yawan shekarun karatu yana ɗaga matakin da mutum ke shiga tsufa da shi, amma bai cika rage saurin saukar ba. Saboda haka malamin da ya yi rayuwarsa cikin littattafai zai iya raguwa sosai amma har yanzu ya fi maƙwabcinsa iya zance, kowa na cewa lafiyarsa ƙalau, alhali shi ne ke zubewa. Ita kuwa Inna da ba ta taɓa zama mai saurin lissafi ba, za a ce ta fara ruɗewa, alhali yadda take shekara 30 da suka wuce haka take yau. Ma'aunin tsoho shi ne shi kansa na jiya, ba tsohon gidan gaba ba.

Akwai wani sirri kuma da sai bayan mutuwa aka gano shi. A 1986 David Snowdon ya fara nazarin wasu mata masu zaman zuhudu na cocin Katolika a Amurka, daga baya adadinsu ya kai 678, dukkansu 75 zuwa sama, kuma sun amince a duba ƙwaƙwalwarsu bayan sun rasu. An samu wasu da ƙwaƙwalwarsu ke cike da tabon cutar Alzheimer, wadda ke jawo gigin tsufa, amma har suka bar duniya suna cin gwajin tunani da kyau. Ɗaya daga cikinsu ta kai 101. Yaakov Stern na Jami'ar Kolombiya ya yi ta bayanin wannan da cewa ƙwaƙwalwa na da ajiya, wato in hanya ɗaya ta lalace wasu mutanen na da wata da za su bi. Amma abin da ya fi shafarmu cikin binciken matan nan shi ne wannan: waɗanda suka haɗa tabon Alzheimer da 'yan ƙananan toshewar jijiyoyin jini a cikin ƙwaƙwalwa, su ne ciwon ya fi fitowa fili a kansu. Irin wannan toshewa sau da yawa ba ta shanye hannu ko ƙafa, ba a ma san ta faru ba, kuma babban mai jawo ta shi ne hawan jini, sai ciwon suga.

Ga shi kuwa muna zaune a ƙasar da wajen mutum 1 cikin 5 na manya ke da suga. Rayuwar da ta kawo iyayenmu nan a ƙafa ta koma ta zama cikin ɗaki mai sanyi, da shinkafa da nama dare da rana, da shayi mai zaƙi bayan kowace salla. Binciken da ya fi kusa da jininmu ya nuna muhimmancin wannan. Daga 1992 Hugh Hendrie da abokan aikinsa na Ibadan, ciki har da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi, sun kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanapolis a Amurka. Na Amurkan sun ninka na Ibadan fiye da sau biyu wajen kamuwa da gigin tsufa a kowace shekara, kuma sun fi su hawan jini da suga da kitse a jini. Ita kanta ƙwayar gadon APOE e4 tasirinta ya fi rauni a Ibadan. Gado na da nasa, amma inda mutum ke zaune da abin da yake ci suna canza yadda gadon ke aiki.

Ba zato ba ne kawai. A wani gwaji na mutum sama da 9,000 a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2019, waɗanda aka matsa wajen saukar da hawan jininsu zuwa kusan 120 sun samu raguwar kashi 19 cikin 100 na kamuwa da matsakaicin raunin tunani, in aka kwatanta da waɗanda aka bari a kusan 140. Sai dai ba a saka masu suga a gwajin ba, kuma saukar da jinin tsoho fiye da kima na kawo jiri da faɗuwa, don haka aikin likita ne, ba na ɗa mai son iyaye ba. A Finlan, Miia Kivipelto ta haɗa wa mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 gyaran abinci da motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa da lura da jini na shekara 2, aka ga amfani, ba mai yawa ba amma na gaske. Kwamitin masana na mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda a ƙiyasinsa ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya.

Cikin 14 ɗin nan akwai biyu da muke wulaƙantawa, ji da gani. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi yana kashe ƙarfin tunaninsa wajen kamo kalma, babu saura na riƙe ta. Sai ya gaji da cewa "na'am?", ya daina shiga hira, mu kuma mu ce Kaka ya fara shiru-shiru. A gwajin da Frank Lin na Jami'ar Johns Hopkins ya jagoranta da mutum 977, wanda sakamakonsa ya fito a 2023, na'urar ƙara ji ba ta nuna bambanci ga kowa da kowa ba, amma ga rukunin da suka fi shekaru da rauni ta rage saurin raguwar tunani da kusan rabi cikin shekara 3. Yanar ido kuwa aikin cire ta ba ya ɗaukar awa guda. Ina ganin a gidaje da yawa ana zargin ƙwaƙwalwar tsoho alhali kunnensa ne ko idonsa ke neman taimako.

Za a tambaye ni batun hadda, don mu mutanen allo ne. Ba ni da shakka cewa tilawa ta kullum, da tashi zuwa masallaci sau biyar, da zama cikin jama'a bayan salla, sun tara abubuwan da bincike ke yabo: aiki ga tunani, tafiya ga jiki, da mutane. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3. Amma kada tilawa ta rufe mana ido. Babban gwajin horar da ƙwaƙwalwa da aka yi wa tsofaffi 2,832 a Amurka ya nuna mutum na ƙwarewa a abin da aka horar da shi, ƙwarewar kuwa ba ta cika tsallakawa zuwa wani fannin ba. Abin da aka haddace tun yarinta aka maimaita shekara 70 yana cikin abubuwan ƙarshe da ke barin mutum. Malam zai iya kawo Baƙara babu gyara alhali ya manta ko ya sha maganinsa da safe. Allah da kansa ya ambaci mayar da wasu zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa a Suratun Nahli da Suratul Hajji, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga hakan. Ba alamar ƙarancin imani ba ce in ta samu mahaddaci.

Haka zancen harshe biyu. Ellen Bialystok a Toronto a 2007, da Suvarna Alladi a Haidarabad ta Indiya a 2013, sun ga alamun gigin tsufa na jinkirta fitowa da kimanin shekara 4 ga masu harshe biyu, a Indiya har da waɗanda ba su yi makaranta ba. Wasu binciken da suka bi mutane tun suna lafiya ba su ga haka ba, muhawarar na nan. Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tsohuwar da ke tunani da Hausa, jikokinta kuwa Larabci kaɗai suke ji, tana iya wuni cikin gida mai mutum goma ba ta yi hirar minti goma ba. Rusau ya ƙara dagula lamarin. Lokacin da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021, irin su Sabil da Kandara da Karantina, an raba maƙwabtan shekara 40, kamar yadda faɗaɗa Harami ya tura mutanen Makka nesa. Tsohon da ke bin lungunan unguwarsu ko da idonsa a rufe ya tsinci kansa a hawa na huɗu, ba ya gane titi, ba ya san limamin. Koyon sabon wuri shi ne ainihin abin da tsufa ya fi raunanawa, sai iyali su ɗauka ciwo ne ya faɗo masa dare ɗaya. Wani lokacin ciwon ne da ya ɓuya a bayan sabo, wani lokacin kuma kaɗaici ne da baƙin ciki, waɗanda ke da magani.

Yaya za a gane? Mantuwar suna ya dawo bayan ɗan lokaci, ko shakkar zagaye nawa aka yi a ɗawafi cikin turereniya, wannan kowa na yi. Abin lura shi ne mutum ya fara kasa abin da shi kansa ya saba iyawa: mai sayar da kaya shekara da shekaru ta rikice da canji, ko ya ɓata a hanyar masallacinsa, ko ya maimaita tambaya ɗaya bai san ya yi ta ba, ko halinsa ya sauya. Shi ma ba hukunci ba ne tukuna. Ƙarancin sinadarin B12, wanda maganin suga na metformin kan jawo in an daɗe ana sha, da raunin halittar maƙoshi da ake kira tairod, da minsharin da ke katse numfashi cikin barci, da wasu magungunan mura da na barci, duk suna dushe tunani kuma ana gyara su. In kuwa ruɗewar ta zo cikin awanni ko kwana biyu, musamman a zafin Makka da ke wuce digiri 45, to a ɗauka ƙishirwa ce, ko sugan ya faɗi, ko ciwon fitsari, ko jijiya ta toshe, a tafi asibiti a ranar. Na san rashin igama, wato takardar izinin zama, na hana wasu ƙofar asibiti, amma awon jini da na suga ana yin su a gida da na'urar da kowane kantin magani ke sayarwa.

In an je wurin likita, akwai wani tarko. Gwaje-gwajen da aka fi amfani da su suna sa mutum ya faɗi kwanan wata, ya riƙa cire 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya zana agogo ko akwati. An tsara su ne don wanda ya yi boko kuma ake yi masa magana da harshensa. Hajiyar da ba ta taɓa riƙe biro don zane ba, wadda ke lissafin lokaci da Azumi da Hajji, aka kuma tambaye ta da Larabcin asibiti, za ta faɗi gwajin ko da tunaninta ya fi na mai tambayar. Masu binciken Ibadan sun gamu da wannan matsala, shi ya sa gwajin da suka yi aiki da shi ya haɗa da tambayar wani na kusa da ke zaune da tsohon, ya faɗi abin da ya canza. Mu ma haka ya kamata mu yi. A nemi a yi tambayoyin da Hausa, ko a bar wani ya fassara ba tare da ya amsa mata ba. Kuma wanda zai raka ta ciki ya zama 'yar da ke kwana da tashi da ita, wadda za ta iya cewa a Azumin bara Inna ita ke auna gishirin miya ta kuma raba zakkar fidda kai da kanta, bana kuwa ba ta iya ba, ba ɗan da ya zo da mota daga Riyad ba.